Gurasar Matafiya: Tarihin Idin Ƙetarewa Daga Masar Zuwa Arlit

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Arlit, mota ta lalace masa ko dare ya riske shi a daji, ya san tagella. Buzu zai share rairayi, ya hura wuta da 'yan ƙiraren da ya tsinto, ya kwaɓa garin alkama da ruwa da ɗan gishiri a akushi, ya shimfiɗa kwaɓin a kan rairayin da ya ɗau zafi, ya rufe da toka da garwashi. Kafin a sha shayi na uku ta gasu. Sai ya ciro ta, ya kakkaɓe, ya ɗauraye ta da ruwan da bai fi cikin tafin hannu ba, ya gutsuttsura wa kowa. Ba a sa mata yisti, ba a jira ta kumbura. Abincin mutumin da tafiya ke gabansa ke nan.

Irin wannan gurasa ce ginshiƙin wani idi da aka fi shekara 2,500 ana yinsa. Yahudawa na kiransa Fesah. Daga wannan suna Larabawa suka samo Fisihi, Kiristoci suka samo Faska ko Paska, masu fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa kuma suka ce Idin Ƙetarewa. Fassarar ta dace, domin kalmar ta ɗauki abu biyu a lokaci guda: mutuwa ta ƙetare gidaje, mutane kuma sun ƙetare teku. A Arlit babu majami'ar Yahudawa, amma sawun wannan idi ya sha ratsa ƙasar Abzin, kuma labarin da yake ɗauke da shi, na mutanen da suka fita cikin dare suka faɗa hamada suna neman tsira, babu garin da ya san shi kamar wannan.

Asalin labarin sananne ne ga Musulmi da Kirista. Bani Isra'ila suna bauta a Masar, suna buga tubali, Fir'auna yana yanka 'ya'yansu maza, har Allah ya aiko Annabi Musa (AS). Attaura ta kawo bayanin daren ƙarshe dalla-dalla. Ran 14 ga watan Nisan kowane gida ya yanka ɗan rago ko ɗan akuya bana ɗaya marar aibi, a shafa jininsa a dogaran ƙofa, a gasa naman ba tare da an karya ƙashi ko ɗaya ba, a ci da gurasa marar yisti da ganye mai ɗaci. A ci a gaggauce, ɗamara a ɗaure, takalmi a ƙafa, sanda a hannu. A daren nan 'ya'yan farin Masarawa suka mutu, gidajen da ke da alamar jini suka tsira, aka kama hanya da kwaɓin da bai kumbura ba. Wata tsohuwar shaida kan wannan idi ma a Afirka aka tono ta: wasiƙa ce ta shekara ta 419 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda aka aika wa sojojin Yahudawa da ke zaune a wani tsibiri na kogin Nilu kusa da Aswan, ana tuna musu kwanakin cin gurasa marar yisti.

Shekaru aru-aru ana hawa Ƙudus ana yanka a Haikali, har zuwa shekara ta 70 miladiyya da Rumawa ƙarƙashin Titus suka rushe shi. Daga nan yanka ya tsaya, sai wajen Samariyawa, waɗanda yau ba su kai mutum dubu ba, kuma har gobe suna yanka ragunansu a kan dutsen Gerizim kusa da Nablus. Malaman Yahudawa suka maido da idin cikin gida, kan tabarmar iyali. Tsarin da suka shimfiɗa, wanda aka rubuta tushensa wajen shekara ta 200, shi ake kira seder, wato tsari.

Yana da kyau mai karatu ya leƙa wannan zama. Tun daren jajibiri maigida zai kunna kyandir ya bi lungu-lungu yana neman ɓurɓushin duk abin da aka sa wa yisti, da safe a ƙone. Daren idi a ajiye faranti a tsakiya: ƙashin ƙafar rago gasasshe don tuna yankan da aka daina, ganye mai ɗaci kamar shuwaka don tuna ɗacin bauta, wani kwaɓi na dabino ko tufa da gyaɗar turawa mai kalar laka don tuna ginin tubali, da ruwan gishiri a madadin hawaye. Gefe guda gurasa uku a jere cikin ƙyalle. Maigida zai zaro ta tsakiya ya karya biyu, ya naɗe babban ɓarin ya ɓoye, sai bayan an ci an ƙoshi yara su bazu nemansa, wanda ya gano a ba shi tukwici. Autan gida shi ke tambayar abin da ya bambanta wannan dare da sauran darare, amsar tambayarsa ita ce karatun daren gaba ɗaya. Ana shan kofi huɗu na ruwan inabi. In an zo lissafa annoba goma da suka sauka a Masar, kowa zai ɗiga ɗigo goma daga kofinsa, kuma da yawa daga malamansu sun ce hikimar ita ce farin cikin wanda ya tsira ba ya cika matuƙar wani ya hallaka, ko da maƙiyi ne. Abu biyu suka fi tsaya mini a rai. Ana buɗe karatun da gayyatar duk mai jin yunwa ya shigo ya ci. Sannan an wajabta wa kowane mutum, a kowane zamani, ya ɗauki kansa tamkar shi ne da ƙafarsa ya fito daga Masar.

Almajiran Annabi Isa na farko duk Yahudawa ne, da wannan idi suka tashi. Linjilar da ke hannun Kiristoci ta nuna cewa cin abincinsa na ƙarshe da almajiransa a kwanakin idin ya faru, inda ya gutsura gurasa ya miƙa kofi ya danganta su da jikinsa da jininsa. Bulus, a wasiƙarsa ga mutanen Koranti, kai tsaye ya kira Almasihu ɗan ragon Idin Ƙetarewa, ya kuma kwatanta yisti da mugunta da ya kamata a share daga zuciya. Tambayar da ta biyo baya ita ce: yaushe za a riƙa tunawa? Ikilisiyoyin yankin da yau yake yammacin Turkiyya suka riƙe 14 ga Nisan, rana ɗaya da Yahudawa, ko wace rana ta mako ta faɗo. Roma ta ce sai Lahadi. Wajen shekara ta 155 dattijo Folikaf na Simirna ya je Roma ya tattauna da Bishop Anisetus, kowa ya tsaya kan bakansa, suka rabu lafiya. Bayan shekara kusan arba'in Bishop Fikto, mutumin Afirka ta Arewa, ya yi yunƙurin yanke hulɗa da masu riƙe ranar 14, sai da wasu manya irin su Ireniyus suka ba shi baki. Taron Nikiya na shekara ta 325 ya rinjayar da Lahadi, wasiƙar da Sarki Kustantin ya rarraba bayan taron kuwa ta fito ƙarara cewa manufa ita ce kada Kirista ya ƙara dogara da lissafin Yahudawa. Daga nan hanya ta rabu biyu. Abin takaici, a Turai makon Faska ya riƙa zama makon fargaba ga Yahudawa, domin a cikinsa ne masu wa'azi suka fi ɗora musu alhakin jinin Almasihu, gungun mutane su fita daga coci su auka wa unguwanninsu.

Mu dawo hamadarmu. Arewa da Abzin, a cikin ƙasar Aljeriya ta yau, akwai dausayin Tuwat, mahaɗar ayarin zinariya da gishiri da tagulla. A garin Tamantit Yahudawa sun daɗe da zama, maƙeran zinariya da fatake, da majami'arsu da malamansu. Wani ɗan kasuwar Jenowa, Antoniyo Malfante, ya rubuto wasiƙa daga Tuwat a 1447 yana ba da labarin yawansu da yadda suke zaune ƙarƙashin kariyar manyan gari. Ke nan kowace bazara ana karya gurasar idin a bakin hanyar da ke gangarowa Agadas da Katsina da Kano.

A 1492, shekarar da aka kori Yahudawa daga Sifen, zaman Tamantit ya ƙare. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan, ya yi fatawa cewa Yahudawan Tuwat sun warware alkawarin amana, don haka a rushe majami'arsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa, aka aika wa malaman Fas da Tunis da Tilimsan tambaya, amsoshinsu suka rabu. Magili ya tara jama'a, aka rushe majami'ar, aka kashe waɗanda aka kashe, saura suka watse. Mu Hausawa muna girmama Magili, kuma da dalili: shi ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafin nasiha kan mulki, ya koyar a Katsina, ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu a Gawo, malaman jihadin Sakkwato kuma sun sha daga rubuce-rubucensa. Amma tarihi ba ya cika in an ɓoye rabinsa. A ganina alƙali al-Asnuni ya fi kusa da adalci a wannan shari'a, kuma ya cancanci a riƙa ambaton sunansa a makarantunmu. Masu binciken tarihin Sahara sun ruwaito cewa jikokin waɗanda suka gudu, a garuruwan bakin hamada, sun daɗe suna rufe daren idin da fatan baɗi war haka suna Tamantit, a gurbin da sauran Yahudawa ke ambaton Ƙudus.

Da Magili ya baro Tuwat, Abzin ya fara sauka, ya koyar a Takadda, garin tagulla da Ibn Baɗuɗa ya ziyarta a 1353. Masu tonon kayan tarihi sun danganta kufan Takadda da Azelik, arewa da Ingal. A Azelik ɗin nan ne a 1957 Faransawa masu neman tagulla suka ci karo da yuraniyom. Bincike ya matsa gabas da arewa, aka kafa kamfanin Somaïr a 1968, aka gina Arlit a fili fetal a 1969, haƙa ta kankama a 1971. Kamfanin Cominak ya biyo baya a 1974, ya haifi garin Akokan. Kwalta ta taso daga Tawa, ma'aikata suka kwararo daga Maraɗi da Damagaram da Doso, daga Benin da Togo da Barkina da Najeriya, gidajen kamfani a gefe guda, unguwar Bukkoki a ɗaya gefen. Cikin masu zuwa akwai Kiristoci, kuma da su idin ya sake shigowa yankin, wannan karon da rigar Faska.

Kafin mu shiga cocinsu, sai mun waiwayi wasu mutane da suka yi ƙoƙarin ɗinke abin da Nikiya ta farke. A 1884 wani lauya Bayahude, Yusuf Rabinowic, ya buɗe majami'a a Kishinef, cikin Moldoba ta yau, inda ake addu'a da Ibrananci, ana kiyaye Asabar da kaciya da Idin Ƙetarewa, ana kuma shaida cewa Yesu ne Almasihun da aka alkawarta wa Isra'ila. A Amurka an kafa ƙungiyar Kiristoci Ibraniyawa a 1915, ta sauya suna a 1975 zuwa ta Yahudawa masu bin Almasihu. Moshe Rosen ya kafa Jews for Jesus a 1973, kuma babu abin da ya yaɗa sunan ƙungiyar a coci-coci kamar nuna faranti na seder da fassara shi. A kudancin Najeriya ma, musamman ƙasar Ibo, akwai majami'un 'yan Asabar da yawa masu haɗa imani da Yesu da kiyaye idodin Attaura.

Ga yadda suke karanta zaman. Ɗan rago marar aibi da ba a karya ƙashinsa ba, Almasihu ne, suna kafa hujja da ruwayar Yahaya cewa sojoji ba su karya ƙafafunsa a kan gicciye ba. Jinin ƙofa shi ne jinin da ke tsare mai bi daga hukunci. Masar ita ce zunubi, Fir'auna shi ne duk abin da ya mallake zuciya, binciken yisti da kyandir kuma binciken kai ne kafin a zauna cin abinci. Gurasa uku, waɗanda Yahudawa ke fassarawa da rukunan al'ummarsu uku ko kakanninsu Ibrahim da Ishaƙu da Yaƙubu, su a wurinsu Uba da Ɗa da Ruhu ne. Ta tsakiya da ake karyawa, a naɗe cikin farin ƙyalle, a ɓoye, yara su gano ta da murna, ita ce mutuwa da likkafani da kabari da tashi. Kofi na uku, kofin fansa, sun ce shi ne wanda Yesu ya ɗaga bayan cin abinci. Mai irin wannan imani, idan ɗansa ya rugo da ɓarin gurasar da ya gano a bayan matashi, ba wasan yara kaɗai yake gani ba, zuciyar addininsa yake gani a hannun yaro.

Sauran Yahudawa, daga masu tsanani har masu sassauci, sun haɗu kan ƙin wannan fassara. Hujjarsu ta tarihi tana da ƙarfi: yawancin tsarin seder bayan rushe Haikali aka shimfiɗa shi, wato bayan zamanin Annabi Isa, ɓoye gurasa don yara kuwa ya fi haka zuwa a baya-bayan nan. Akwai kuma miki. A Kishinef ɗin nan ta Rabinowic, shekara huɗu bayan rasuwarsa, ranar Lahadin Faska ta 1903 aka far wa unguwar Yahudawa, aka kashe mutum 49. Wanda kakanninsa suka ga haka ba zai ji daɗin ganin an ɗauki farantinsa ana wa'azi da shi ba. A 1989 kotun ƙolin Isra'ila ta yanke cewa Bayahuden da ya bi Yesu ya shiga wani addini, ba shi da haƙƙin zama ɗan ƙasa ta dokar komawa. Musulmi kuma, ni ma a cikinsu, mun yi imani cewa Isa ɗan Maryam shi ne Almasihu, amma ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, don haka fassarar ɗan ragon ba ta shiga aƙidarmu. Duk da haka halin mutanen da suka tsaya tsakanin gida biyu, kowane gida yana musu kallon bare, ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Isawa sun ɗanɗana shi: jagoransu Malam Ibrahim, wanda ya fifita ambaton Annabi Isa a karatunsa, an tsire shi a kasuwar Kano wajen 1867, mabiyansa suka fake a Ningi, jikokinsu suka haɗu da ɗan mishan Dokta Mila a Zariya a 1913, suka zauna a Gimi har ciwon barci ya tashe su, daga baya zuriyarsu ta tare a Wusasa. Daga wannan da'ira aka sami wasu cikin waɗanda suka taimaka wa aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

Kiristocin Arlit da Akokan da Cirozerin ba sa ajiye farantin seder, amma tsohon labarin bai bar su ba. Katolikan yankin suna ƙarƙashin Diyosis na Maraɗi, wanda aka kafa a 2001. Daren Asabar kafin Lahadin Faska ana hura wuta a farfajiyar coci, a kunna babban kyandir daga gare ta, kowa ya kunna nasa daga na maƙwabcinsa, a shiga cikin duhu ana tafe da haske a hannu. Karatuttukan daren suna da yawa, an yarda a rage wasu, amma dokar ibadarsu ta hana a tsallake guda ɗaya: labarin ƙetare teku. Musulmin gari kuma suna da ranarsu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya tarar da Yahudawan Madina suna azumin ranar da Allah ya tserar da Annabi Musa, ya nuna cewa Musulmi sun fi cancantar Musa, ya azumce ta ya kuma yi umarni da azumtarta. Ita ce Ashura, lokacin cika-ciki da cin jelar ragon layya a gidajenmu, lokacin da gangunan bikin Biyanu ke cika titunan Agadas da Ingal. Kalanda ta bambanta, fassara ta bambanta, amma maƙwabta biyu a layi ɗaya na Arlit suna gode wa Allah kowace shekara kan tsirar bayi daga hannun azzalumi.

Watan Oktoba na 2013 ya nuna wa garin fuskokin labarin biyu a mako guda. Ran 29 ga wata aka sako Faransawa huɗu na ƙarshe daga cikin mutum bakwai da aka sace a Arlit ran 16 ga Satumba 2010. Bayan fiye da shekara uku a hannun 'yan bindiga, jirgi ya kai su Yamai, daga nan Faris, shugaban ƙasarsu yana jiransu a filin jirgi. Tsira ce ta gaske, kuma duk mai imani ya taya iyalansu murna. Kashegari masu aikin ceto suka gama tattara gawarwaki a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Mutum 92: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu Hausawa ne daga yankin Kance a jihar Damagaram, fatara ta koro su, suna neman kaiwa Tamanrasat. Motocinsu biyu suka lalace, ruwa ya ƙare, suka watsu a ƙafa rukuni-rukuni, aka tarar da uwa da 'ya'yanta a wuri ɗaya. Almustafa Alhasan na ƙungiyar Aghir In'Man yana cikin waɗanda suka yi musu sutura a inda aka same su. Gwamnati ta ayyana makokin kwana uku. Waɗannan sun fita cikin gaggawa da ɗan guzurinsu kamar mutanen Annabi Musa, amma teku bai tsage musu ba, dutse bai ɓuɓɓugo musu da ruwa ba. Allah ya ji ƙansu.

Tun daga lokacin tafiyar ta ƙara juyawa ta ɗaya fuskar. Bayan yarjejeniyar 2014 tsakanin Nijar da Aljeriya, ana maido da 'yan Nijar cikin jerin manyan motoci, 'yan sauran ƙasashe kuma a sauke su a wani fili da ake kira Fuwan Zero, sau da yawa cikin dare, a nuna musu kudu da hannu. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro a 2024 kaɗai. Daga Asamaka, garin bakin iyaka da suke isa, ake kwaso su zuwa sansanin hukumar ƙaura ta duniya a Arlit, garin da shi kansa yake fama tun da Cominak ta rufe ran 31 ga Maris 2021 ta bar ɗaruruwan magidanta ba aiki. A cikin waɗanda ake korowa akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai mai carbi, akwai mai gicciye a wuya. Attaura ta maimaita wa Bani Isra'ila sau da dama cewa kada su cuci baƙo domin su ma sun yi baƙunci a Masar, Alƙur'ani kuma ya ware wa ɗan hanya kasonsa a cikin zakka.

Don haka ina kira ga limaman Arlit da Akokan da Agadas, da fastoci da fada-fada: idan Ashura ta zo, idan Faska ta zo, a ambaci mutanen Kance 92 a huɗuba da wa'azi, a kuma ware wani abu daga sadakar ranar don ruwa da abincin waɗanda ake saukewa a iyaka. Direbobin hanyar Asamaka kuma, don Allah a ƙara jarka ɗaya a bayan mota. Daga Fuwan Zero zuwa Asamaka kilomita 15 ne, kuma a ƙafa ake yinsu.